Sifis Da Gas Ɗin A-kori-kura

"Ni zan kai mota wajen Miron saboda ɗan gas ɗin sanyi? Ni Sifis? Ai ko jirgin sama aka ajiye mini a ƙofar gida, kafin kofina ya huce na gano ciwonsa!"

Haka na faɗa a shagon kofi na ƙauyenmu, gaban mutum tara, har da dukan tebur. Abokina, da kana wurin da ka yi mini rai ka toshe mini baki. Ni manomin zaitun ne. Abu ɗaya na taɓa gyarawa a duniya, kujerar tsakar gidanmu, kuma har yau ba a bari baƙo ya zauna a kanta.

Ga yadda abin yake. Ranar Lahadi za a yi wa 'yar ƙanin matata baftisma a wani coci can kan dutse, tafiyar awa guda. Ni aka ɗora wa nauyin kai surukata Arhontiya, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu da harshe kamar reza, tare da kek mai hawa uku wanda matata Pelagiya ta kwana biyu tana haɗawa. Watan Agusta ne kuwa, zafin tsibirinmu na Kirit na narka kwalta, na'urar sanyin a-kori-kurata kuma tun bara ba ta ba da komai sai huci.

"Sifis, don Allah ka kai wa Miron," in ji Pelagiya. "Makanike ne, aikinsa ne."

"Miron? Wanda na san shi tun yana shan majina? Mace, ke dai ki tanadi rigar sanyi."

Na shiga gari na sayo gwangwanin gas uku da tiyo mai agogo. Ban yi aikin a ɓoye a bayan gida ba, ina! Sai da safiyar Lahadi, na sa farar rigata ta biki, na kawo motar tsakiyar dandali don kowa ya ƙaru da ilimina. Na ɗaga bonet, na tsaya ina kallon injin, shi ma yana kallona.

Zaharis mai shagon kofi ya leƙo. "Injiniya, ka san ramin da za ka sa kuwa?"

"Koma kan kofinka, sarkin tsegumi."

Sai da na gwada wurare huɗu kafin tiyon ya kama. Na tayar da mota, na murɗa gwangwanin farko. Ya yi ɗan tsaki, allurar agogo ta yi tsalle ta faɗa cikin ja.

"Ja fa ke nan," in ji Zaharis.

"Ja alamar ƙarfi ce, jahili. Sa hannu ka ji sanyi."

Ya sa hannu ta taga. "Idan burodi za ka gasa, ta yi daidai."

Na ce yunwa ce ta yi mata yawa. Na ɗaura gwangwani na biyu, ya ƙi shiga sam. Nan basirata ta motsa. Na sa Zaharis ya kawo tukunyar ruwan zafi, na tsoma gwangwanin a ciki don gas ɗin ya ji wuta ya gudu cikin mota. Tsofaffin da ke zaune suka ja kujerunsu baya. Ni kuwa na sunkuya, na kai fuska dab da tiyo, ina yi musu bayani.

Fuuus! Tiyon ya kuɓuce. Farin hayaƙi mai sanyi ya buge ni a fuska, tare da wani koren mai da suke zubawa a ciki don gane inda ke yoyo. Da hayaƙin ya washe, gashin bakina ya daskare, ni da rigata mun koma kore shar kamar ƙadangaren lambu.

"To, kai dai ka samu sanyi," in ji Zaharis. "Saura motar."

Ina cikin goge ido sai ga Pelagiya da kek a hannu, tsohuwa na biye da sanda.

"Me ya same ka?" in ji Pelagiya. "An gyara?"

"An gama. Sai an hau hanya take sakin sanyin. Ku shiga, kada wanda ya buɗe gilashi, sanyi zai tsere."

Muka cusu mu uku a gaba, kek a cinyar Pelagiya. Minti goma, gumi ya fara bin ƙeyata. Minti ashirin, furannin adon kek suka fara narkewa suna kuka.

"Ɗana," in ji tsohuwa, "coci za ka kai ni ko maƙabarta?"

"Yanzu zai zo, Mama. Ba ki ji ɗan sanyi a ƙafa ba?"

"Ƙafata ta mutu tun gadar can."

A lanƙwasa ta bakwai ta hanyar hawan dutsen, hawan saman kek ya yi sallama da 'yan'uwansa ya sauka a cinyar surukata, kan baƙar rigarta ta zuwa coci. Na biyu ya bi shi. Pelagiya ta watsa mini harara wadda ta fi zafin motar ƙuna.

Muka isa, dangi cike da harabar coci. Suka gan ni na fito kore shar, suka ga tsohuwa ta fito fara fat daga ƙirji zuwa gwiwa. Wa zan gani cikin 'yan biki? Miron, da kwat ɗinsa. Kafin kowa ya yi magana na riga shi.

"Gas ɗin banza suke sayarwa yanzu! Duba ka gani da idonka."

Ya ɗaga bonet, ya leƙa sau ɗaya.

"Kawu Sifis, ko gas ɗin duniya ka ɗura ba za ta yi sanyi ba. Injin sanyin ba ya juyawa. Babu bel ɗin da ke juya shi, an cire."

Wani daɗi ya kama ni. Ashe ba laifina ba ne! Na juya ga jama'a na ɗaga murya.

"Kun ji ko? Zagon ƙasa aka yi mini! Wane jaki ne ya taɓa motata? Na rantse, in na gan shi sai na tsinka masa mari gaban kowa!"

Pelagiya ta ajiye ragowar kek a hankali.

"Kai ne, Sifis. Bara ka cire shi, ka ce yana sha maka mai. Da shi ka ɗaure ƙofar garken awaki."

Surukata ta miƙa wa Miron sandarta, ta naɗe hannun riga, ta matso.

"To ɗana, rantsuwa ka yi a ƙofar coci. Da hannunka za ka yi, ko in taimaka maka?"