Teburin Da Na Karanta Ta Hannun Dama

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke cikin kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a wani zaure cike da mutane a Talata Mafara, na karɓi lasifika da hannuna, na tona wa kaina asirin da na yi shekara talatin ina rufewa ba. Babu wanda ya tilasta ni. Har rigata aka ja don a taka mini birki, na ƙi.

Asirin kuwa shi ne: ban iya karatun boko ba. Allo dai na yi shi, na sauke, ajami kuwa ko da fitilar ƙwai aka ba ni sai in zarce kamar ruwa. Amma boko, kwana tara cif na yi a ajin yaƙi da jahilci, ruwan farko ya sauka, na koma gona. Lambobi kawai na tsira da su, su ma don buhunan shinkafa da lambar waya. Sai dai da na fito ajin nan na sayi biro na maƙala a aljihun gaba, daga baya na ƙara da tabarau a kasuwar Talata, shi ke nan na zama mai karatu a ƙauyenmu na ƙasar Maradun. In an kawo mini wasiƙa sai in gyara tabarau, in yi gyaran murya, in ce, "Wa ya aiko? To, kai mi kake tsammani ya ce?" Abin da mutum ya faɗa, shi zan mayar masa da ƴar gishiri a kai. (Kada ku yi mini dariya tun yanzu, ku adana, akwai wurinta a gaba.)

Ƙwallo kuwa da tsufana ta kama ni. Filin makarantar sakandaren garinmu yana manne da lambun albasata, kullum sai ƙwallo ta faɗo ta karya mini ganye. Da farko kamawa nake in zauna a kanta sai an zo biko. Ina zaune a kanta ina kallonsu, har na fara gane wane ne gwani, wane ne mai ƙafar katako. Kafin shekara ta zagayo, ni ne mai ihun da ake ji daga bakin gulbi, ni ne mai zagin alƙalin wasa tun bai hura usur ba.

To, a shekarar da nake ba ku labari, an haɗa gasa ta makarantu takwas daga Mafara da Bakura da Maradun. Kowa zai kara da kowa, huɗun da suka fi maki su wuce zagaye na gaba. An buga shida-shida, saura ɗaya, sai labari ya iso cewa kwamitin gasar ya fitar da teburin maki. Masu jar riga na ƙasar Bakura su ne a sama. Maƙwabtanmu masu farar riga su ne a can ƙasa. Mu kuma na biyar, kamar wanda aka rufe wa ƙofa a kan hanci. Na huɗun wasu masu shuɗin riga ne na cikin Mafara, makinmu ɗaya da su, amma an ce sun fi mu yawan ƙwallaye.

Nan fa gari ya ɗauki zafi. Domin ƙwallaye uku daga cikin nasu babu ƙafar da ta taɓa su. Ranar da za su kara da masu farar riga, motar masu farar ta lalace a hanya, ba su iso ba, sai kwamiti ya rubuta wa masu shuɗi uku da nema a takarda. Kwana huɗu babu wata magana a majalisarmu ta gindin bedi sai wannan. Wani ya ce doka ce, kowa ya yarda da ita tun farkon gasa. Wani ya ce wace doka, ai kwamitin a Mafara yake zama, ruwan Mafara yake sha. Mai shayi ya bar madara ta ƙone yana lissafi da yatsu. Har liman, da ya idar da azahar, ya juyo ya tambaya ko an sake wasan.

Taubashina Nomau, wanda tun muna yara ba ya barina in sha iska, shi ya kawo shawarar mu tafi taron kwamiti ranar Asabar mu kai kuka. Ya dube ni yana murmushin nan nasa, ya ce, "Kai za ka yi muna magana, tunda kai ad da biro."

Na ce, "Wa za a ba da, in ba ni ba? Kai da ko sunanka ba ka ganewa a katin zaɓe?"

Malamin wasanni na makarantarmu ya zaunar da ni ya ce, "Baba, magana ɗaya tak za ka yi. A cire ƙwallaye ukun nan na takarda, ko a sake wasan. Kada ka ƙara komai." Na ce masa yaro, tun ba a haife ka ba nake magana gaban hakimi.

Ranar Asabar na sa babbar riga mai aska biyu, na goge tabarau da gefen zanen Hajo matata (tana ta tambayar ko ɗaurin aure za ni), muka hau babura muka nufi Mafara. Ni da Nomau a babur ɗaya, yana bayana yana zungurina a haƙarƙari duk inda muka faɗa rami.

Zauren ya cika maƙil. Malamai, shugabannin makarantu, magoya baya daga kowane gari, kowa na magana babu mai sauraro. A jikin allon bango an manna wani babban kwali, teburin ke nan. Sunaye a jere daga sama zuwa ƙasa, gaban kowane suna lambobi uku. Sakataren kwamiti, Malam Bulus, wani dogon ma'aikaci mai sanyin murya wanda ya daɗe a Mafara, ya tashi ya yi bayani: "Gidan farko wasannin da aka ci, na biyu canjaras, na uku waɗanda aka sha kashi."

Na ce a raina, ashe abin ma babu wuya. Sunaye ba su dame ni ba, na san wa ke sama, wa ke ƙasa, na san mu ne layi na biyar. Lambobi kuwa ƙannena ne. Na matsa kusa, na ɗora tabarau, na ƙirga layi biyar, na karanta namu. Biyu, biyu, biyu. Mun ci biyu, canjaras biyu, an doke mu biyu. Daidai wa daida! Dukkansu da idona na gan su. Kaina ya ƙara girma.

Sai na ɗaga ido zuwa layin sama, na masu jar riga. Na fara daga inda kowane mai hankali yake fara karatu, wato hannun dama. Sifili. Ɗaya. Biyar.

Na cire tabarau, na goge, na mayar. Sifili, ɗaya, biyar! Ba su ci wasa ko ɗaya ba, an lallasa su sau biyar, amma ga su a saman teburi! Na yi maza na duba layin ƙarshe, na maƙwabtanmu masu farar riga. Biyar, ɗaya, sifili. Sun ci biyar, babu wanda ya taɓa doke su, canjaras ɗaya, kuma canjaras ɗin nan da mu suka yi shi a filinmu, ina tsaye! Komai ya hau kan komai. Duk malaman nan masu takardu, duk masu wayoyi, babu wanda ya lura, sai ni ɗan kwana tara! (A ce na tsaya na tuna cewa wata biyu ana ba mu labarin yadda masu jar riga ke yi wa mutane ruwan ƙwallaye. Na tuna mana. Sai na ce wannan ai surutun majalisa ne, ga takarda a gabana.)

Ana kiran garinmu na yi tsalle kamar ɗan shekara ashirin. Na karɓi lasifika, na yi sallama doguwa, na gaida shugaban kwamiti da muƙarrabansa, na tambayi gajiya da iyali da ruwa, sannan na ɗaga murya.

"Jama'a, mun taho da ƙaramin kuka, munka iske babba! Ku bar zancen ƙwallo uku. Wanga teburi duka nai zalunci na!"

Zaure ya yi kuwwa. Mutanenmu suka hau tafi ba su ma san abin da zan ce ba. Malamin wasanni ya kama gefen rigata yana raɗa, "Baba, ƙwallaye ukun, ƙwallaye ukun kawai." Na fizge rigata.

"Ku dubi waɗanda anka ɗora sama! Wasa nawa sunka ci? Ko guda! Kashi biyar sunka sha, ga shi nan rubuce! Ku dubi bayin Allah da anka jefa ƙasa, biyar sunka ci! Don ba su da kowa a kwamiti? Ku gaya mani, wa ya ci mi?"

Mutanen Bakura suka miƙe gaba ɗaya suna ihu. Wani mai ƙaton rawani yana cewa a riƙe shi. Abin da ya ɗan ba ni mamaki shi ne masu farar rigar da nake karewa, sun yi tsuru-tsuru suna kallon juna. Shugaban makarantarsu har ya juya baya yana neman waɗanda suka ci biyar ɗin.

Malam Bulus bai ɗaga murya ba. Ya jira ƙura ta lafa, ya ce, "Baba, don Allah zo ka nuna mana da hannu yadda ka karanta."

Na tafi da taƙama, na zare biro daga aljihu, karo na farko da ya yi aiki a bainar jama'a. Na ɗora shi a ƙarshen layin sama ta dama, na taho da shi hagu ina ƙirgawa da ƙarfi: "Ci, sifili. Canjaras, ɗaya. Kashi, biyar. Ƙarya nika yi?"

Kowa ya bi biron da ido.

Malam Bulus ya dubi biron, ya dube ni, ya ce a hankali, ya ma kawar da lasifika daga bakinsa don ya rufa mini asiri, "Baba, daga hagu ake farawa."

Amma lasifikar hannuna tana kunne, kuma bakina ya riga kaina. Na ce, duk zaure na ji, "Hagu? Tun yaushe anka maida karatu hagu?"

Wayyo Allah. Ban taɓa jin dariya mai nauyin wannan ba. Mai rawanin nan da ake riƙewa ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Wani malami ya kifa kai a tebur yana dukansa da hannu. Daga baya can wani ya ce, "Almajirin Allah, allo ya ɗauka!" Ni kuwa ina tsaye da biro a sama, tabarau a kan hanci, gumi na bin bayana har cikin wando. Shekara talatin, jama'a. Duk wanda ya san baƙi ɗaya na boko ya san ta inda ake shiga. Babu sauran damar in ce tabarau ne suka yi ƙura.

Shugaba ya yi ta buga tebur, da ƙyar aka zauna. Malamin wasanni ya tashi ya gabatar da kukanmu na gaskiya, amma duk lokacin da ya ce "uku" sai wani ya ce "ta dama ko ta hagu?" a sake fashewa. Kwamiti ya ce doka tana nan yadda aka yarda da ita tun farko. Aka tashi.

Muka kamo hanyar gida, har muka wuce gonakin shinkafa. Abin da ke cina ba dariyar Mafara ba ce, yadda zan shiga garinmu ne. Na ce wa Nomau, "Yanzu kowa zai san ban iya ba."

Ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi. "Zai sani? Kai, tsohon banza, wa ab bai sani ba? Tun ranar da ɗana ya aiko wasiƙa daga Legas ka karanta mani ita a kife!"

"A kife?"

"A kife! Kan sarki na ƙasa, kai kana ta zuba. Kuma daɗin abin, duk abin da ka ce ya hi wanda yaron ya rubuta daɗi. Shi ya sa muka ci gaba da kawo ma."

Na ce, "To don mi kunka tura ni in yi magana?"

"Don bakinka munka tura ka. Wa ya aike ka karatu?"

Ko Hajo, da na shiga gida na fara kame-kame, ta ce in ci tuwona, ita tun amarcinmu ta gane, da na karanta mata takardar magani na ce a sha bayan la'asar alhali na shafawa ne.

Wasanmu na ƙarshe da masu jar riga ne, waɗanda na rantse ba su taɓa cin kowa ba. Suka zo har filinmu, gefen albasata, suka zuba mana huɗu muka rama ɗaya. Ana tashi aka rubuta sakamako a allo, sai ga Nomau ya jawo ni ta hannun riga gaban jama'a yana cewa, "Ku ba shi wuri! Taho ka karanta muna ta dama, ko Allah ya sa mu munka ci!" Tun daga ranar sunana ya ɓace. Daga Kaya har Tsibiri, duk ƙungiyar da aka doke, sai ka ji an ce a kai wa Baba Ta-Dama ya gyara.

Biron yana nan a aljihuna, ba zan yi muku ƙarya ba, amma yanzu sosa kunne yake yi, aikin da ya fi dacewa da shi. Kuma duk wanda ya miƙo mini takarda, kafin in buɗe baki sai na tambaye shi ta wace ƙofa ake shiga. In ya ce ta hagu, sai in mayar masa da abarsa, in ce ya karanta, ni zan yi ihun.