Ciwon Hantar Wani Abokina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran labaran duniya, da safiyar da na zauna a kan tabarmar ɗaurin aure a Ƙofar Dundaye ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Zamanin soja ne, lokacin da ake wuni a layin mai, ni kuwa ina akawu a wata ma'aikatar gwamnati, da babbar riga, da biro a aljihu, da ji da kai wanda ya fi albashina nauyi.

Abin ya faro ne daga gajiya. In tashi da safe kamar na kwana ina dakan gero. Da na gaji da ɗora wa aiki laifi sai na je asibiti, aka ɗebi jini, aka sake ɗiba, daga ƙarshe likita ya zaunar da ni ya ce ciwon hanta ne, irin wanda suke kira nau'in C, kuma da alama ya daɗe a jikina yana aikinsa shiru. Ya tambaye ni ko an taɓa yi mini ƙarin jini. An taɓa kuwa. Lokacin da kuɗin mai suka malalo aka yi mana ƙarin albashi, na sayi sabon babur, ban gama koyon birki ba na yi karo da jaki a hanyar Gidan Igwai (jakin ya tashi ya kaɗa kunne ya wuce, ni aka kwasa). Likita ya ce a wancan lokacin ba wanda ya san da cutar, balle a duba ta a jini.

Sai ya shimfiɗa mini hanya biyu. Ko dai a yi mini wata allura da ake kawowa daga nesa, wata da watanni ana yi, tana sa zazzaɓi da kasala da ƙuncin rai, ga tsada, kuma ba kowa take warkarwa ba. Ko kuma in haƙura, in kiyaye abin da nake kai wa baki, a riƙa duba jinin lokaci-lokaci a ga yadda hantar take. Ya ja mini kunne a kan jiƙe-jiƙe. Ya kuma ce ba a ɗaukar cutar ta abinci ko gaisuwa ko zama wuri ɗaya, ta jini take bi, don haka in raba reza da aska da kowa. Ya ce in je in yi tunani.

To, a nan ya yi kuskure, don bai san wanda ya ce wa ya yi tunani ba. Ni mutum ne da ko hula zan saya sai na ji ta bakin rabin kasuwa. Ga shi kuma ina da kunya irin ta banza, wadda ba ta bari in ce ni ne ba ni da lafiya. A unguwa ni ake kawo wa takardar asibiti in karanta in yi bayani, yaya za a yi a ji ni ne a kwance? Sai na ɓullo da dabara, har ina yaba wa kaina: zan nemi shawara, amma da sunan wani abokina.

Da yayata Kulu na fara. Na ce mata wani abokina ne ke fama da ciwon hanta, likita ya ba shi zaɓi, ya rasa inda zai sa kansa. Ta ajiye tsintsiya ta tambaye ni ko ta san shi. Na ce ta san shi ƙwarai, amma don Allah ta rufa masa asiri. (Ni a zuciyata gaskiya na faɗa, ai ta san ni.) Ta ce allurar Bature ba ta san hantar ɗan Sakkwato ba, a jiƙa masa maɗaci da rawaya ya sha safe da yamma. Daga nan na je wurin mai kemis ɗin bakin titi, ya ce allura kawai, kada abokin nan ya tsaya wasa. Wani abokin aikina ya ce nonon raƙumi. Ladanin masallacinmu ya ce a haɗa da rubutu. Kowa na faɗa wa sai in ce kada ya gaya wa kowa, kowa kuma sai ya tambayi wane ne, ni kuwa in sunkuyar da kai in ce, "Mutum ne na kusa da ni sosai."

Abin da wayona bai hango ba shi ne duk Sakkwato an san abokina ɗaya ne. Altine Mai Kilishi. Tare muka yi makarantar allo, aka kai ni boko shi ya bi mahaifinsa fawa, amma ba mu rabu ba. Kullum na tashi daga ofis rumfarsa nake tsayawa, in zauna a benci muna gardamar duniya har magariba. In an ga ɗaya sai a tambayi ɗaya. Kuma shi kaɗai ne ban nemi shawararsa ba, don na san da na ce masa wani abokina zai ce wane aboki.

Sai mutane suka fara tare ni a hanya suna cewa, ya jikin mutumin naka? Ni kuma in yi ajiyar zuciya in ce da sauƙi, ana ta fama, a sa shi a addu'a. Wallahi har daɗi nake ji, ina ganin jama'a sun damu da ni ba tare da sun san ni ba ne. Na kuma lura rumfar Altine ta yi sanyi. Masu tsayawa da mota su sayi kilishin tsaraba sun ragu, faifansa ya kan kai dare da kaya. Kun san me na yi? Lacca na yi masa a kan tattalin arziki. Na ce masa rashin mai ne, da tsadar rayuwa, ya daure. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Awo, Akawu, rashin mai na." Ya ci gaba da shafa labu, haɗin ƙuli da yaji, a nama.

Ana haka auren 'yarsa Hadiza ya taso. Kamar yadda aka saba, uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, sai ya ɗora wa wani, shi kuwa ni ya ɗora wa. Na sha guga, na kafa hula, na zauna a gaba kusa da liman ina jin kaina. Ga goro da alewa an jera. Ga sanƙira tsugune a kafaɗata, wato mutumin nan mai ƙaton murya da aikinsa shi ne ya ɗauki abin da waliyyi da wakili suka faɗa a hankali ya jefa wa taro da ƙarfi. Altine yana can baya, yadda iyaye ke yi don kunya.

Liman ya ce wakilin ango ya nema. Wakilin, Alhaji Maccido, baffan yaron ne, dattijo mai sayar da hatsi wanda ba ya son hayaniya. Maimakon ya nema sai ya matso ya kawo bakinsa kunnena.

"Malam, kahin in roƙa, hwaɗa min tsakaninka da Allah. Mun ji uban yarinya na da ciwon hanta mai kama mutane. Uwar yaro ta tada hankali, ta ce uban da ɗiyar tukunya ɗaya suka ci. Kuma daga bakinka anka ji."

Daga bakina. A wannan lokacin komai ya dawo mini a jere, masu tambayar jikin mutumina, da faifan kilishin da ke kai dare, da laccar da na yi. Na waiga na hango Altine. Taro ya cika har titi, ana zaune gwiwa da gwiwa, amma shi an bar masa fili hagu da dama kamar an share. Yana zaune yana jan carbinsa. Auren 'yarsa na lilo a hannuna, kuma ni na ɗaure masa wannan dutse.

Na ce a raina, to, a faɗa wa mutum ɗaya, dattijo ne, zai riƙe. Na sunkuya na raɗa masa cewa Altine lafiyarsa lau, ciwon nawa ne, ni ne abokin, kuma likita ya ce ba a ɗauka ta abinci.

Na manta da wanda ke tsugune a kafaɗata. Shi kuwa bawan Allah aikinsa yake yi. Ya ga wakili ya yi magana, ya ga waliyyi ya ba da amsa, sai ya miƙe ya dafe kunne.

"Jama'a a saurara! Waliyyin amarya ya ce ciwon hanta da aka hwaɗi nashi na, ba na Altine ba! Ya ce shi na abokin! Ya ce ba a ɗauka ga abinci! Allah shi ba shi lahiya!"

Taro kuwa, da yake an saba, suka amsa da amin gaba ɗaya, kafin ma su gane abin da suka amsa. Ina jin mai kemis can gefe yana tari irin na mai danne dariya. Ladan ya sunkuyar da kai. Asirin da na ɓoye wa matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, ga shi an yi shelarsa har mata na ji daga cikin gida. (Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan an shafa fatiha sanƙiran ya zo ya tsaya a gabana yana jiran tukuicinsa, kuma na ba shi.)

Alhaji Maccido dai ya gyara murya ya nemi auren, na ba da shi da wata murya da ban san tawa ba ce, aka ɗaura. Da aka fito da abinci sai na ga filin nan da ke kewaye da Altine ya taso ya dawo wurina. Ba wanda ya yi mini wulaƙanci, kowa dai ya tuna yana da wanda zai gaisar a ɗaya gefen. Na zauna ni kaɗai a tsakiyar tabarma da babbar rigata, na ɗanɗani abin da mutumin nan ya yi watanni yana haɗiya, kuma ban ji da daɗi ba.

Sai ga Altine ya ratso mutane da ƙwaryar fura da ludayi ɗaya. Ya zauna har gwiwarsa na taɓa tawa. Ya miƙo mini ludayin ya ce in sha. Na kurɓa da ƙyar. Ya karɓe, ya ɗebo, ya sha a inda na sa baki, a hankali, yadda kowa zai gani.

Na ce masa, murya ƙasa-ƙasa, tun yaushe ya sani.

"Akawu, aboki nawa gare ka duk garin ga? Ni ɗai na. Ni kau na san lahiyata lau. To wa yar rage?"

Ashe tun makon farko labari ya iske shi. Yaya Kulu da kanta ta kai masa jarkar maɗaci da rawaya, ta tsaya a kansa sai da ya shanye kofi, kuma ta riƙa dawowa. An kai masa nonon raƙumi ya sha. An kai masa rubutu ya sha. Wasu masu sayen kilishinsa sun koma rumfar gaba, yana kallo. Na tambaye shi don me bai ƙaryata ba, ko ya zo ya ci kwalata. Ya juya ludayi a cikin fura ya ce, "Bayana ka zaɓa ka ɓoye. In na kauce sai a gan ka."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, a gaban mutane, da hula da komai. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce in share fuska kada a ce waliyyi bai son auren, sannan ya ce tunda shawara nake nema ga tasa: ɗacin nan dai ya gwada mini shi duka, ban da gudawa bai ga abin da ya yi ba, don haka in cire shi daga cikin zaɓi. Sauran biyun kuma mu koma wurin likita tare, in yi tambaya da bakina, da sunana.

Haka aka yi, bayan na sha faɗan uwargida wanda ya fi maɗaci ɗaci. Muka je mu uku, ni da ita da Altine. A gaban likita na yi duk tambayoyin da na yi ta rabawa a titi, ya amsa, na zaɓi allura. Ta wahalar da ni yadda aka ce, har na rame wuyan riga ya yi mini yawa, kuma ba ta raba ni da cutar a wannan karon ba, ta dai lafa, muka ci gaba da zama da ita ana dubawa. Cinikin Altine ya dawo sannu a hankali, ko da yake akwai waɗanda ba su sake tsayawa ba har yau, kuma wannan yana nan a wuyana. Da na ce zan riƙa wuni a rumfarsa don in wanke shi, cewa ya yi in yi wa Allah in zauna gida, yanzu ni ne mai korar ciniki. Washegari na tarar ya sa mini matashi a benci.

Abin da na koya bai da yawa. Ciwo in naka ne ka ce naka ne, don duk inda ka ajiye shi a kan wani yake sauka. In kuwa dole sai ka ƙirƙiro aboki, to ka fara tabbatarwa kana da fiye da ɗaya. Mun tsufa yanzu, 'ya'yan Hadiza sun yi aure, amma har gobe in na isa rumfa Altine ba ya ɗaga kai daga nama sai ya ce, "Akawu, ya jikin abokin naka?" Ni kuma in zauna in ce da sauƙi, abokin nawa ya ce a gode maka.