Motar Patoro Ta Sha Gishiri

Duk Agadas babu wanda Allah ya buɗe wa kai kamar Lawali, wanda tun da aka samu ƴancin kai ya hana a kira shi da sunan yanka, sai dai Patoro, wato maigida a bakin Faransawa. Da can dillalin raƙuma ne. Da wani Bafaranshe zai koma gida, sai ya sayar masa da tsohuwar bashe, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ta ci zamaninta har ta fara cin na wasu. A ranar ya sayi tabarau, a ranar kuma ya zama gwanin mota.

"Mota raƙumi ce ta ƙarfe," haka yake koya wa jahilai a bakin kasuwa. "Wanda ya san raƙumi ya gama sanin mota. Ni kuwa a tsakiyar raƙuma aka yanke mini cibiya."

Ba a jima ba bashe ta fara sanyin jiki, tudu kaɗan sai ta hau tari. Seydou mai tuƙa ta ya ce buji, wato filogin inji, sun gaji, kaya kuma na yi mata yawa. Patoro ya yi masa kallon tausayi. Raƙumin da ya rame ina ake kai shi? Ingal, ya sha ruwan gishiri. Damina na ƙarewa aka kai ta can, ya ɗura mata ruwan gishiri da hannunsa mai albarka, makiyaya na kallo baki buɗe.

A Ingal ɗin ne yayarsa Kadidia ta samo dashen dabino. Dabinan da mijinta ya mutu ya bar mata a lambu duk sun tsufa, kuma da wannan dashen take fatan marayunta su ci abinci wata rana. Ta nannaɗe saiwoyin da jiƙaƙƙen buhu, ta cika salka don ta riƙa yayyafa musu a hanyar komawa Agadas, ta zauna a bayan bashe ta rungume su. Ta zuba ido tana kallon abin da ake lodawa: gishirin Tegidda buhu a kan buhu, tumaki, fasinja har kan rufi. Motar sai ƙara take yi.

"Ku bar ta," in ji Patoro. "Kun taɓa ganin raƙumin da aka aza wa kaya bai yi kuka ba? Shagwaɓa ce kawai. Alon, mu tafi!"

Rana na take tsaka moter, wato injin motar, ya tafasa. Aka ba shi ruwan fasinja, ya shanye ya sake tafasa. Sai idon gwani ya sauka a kan salka.

"Lawali, ruwan dashena ne fa."

"Haba Yaya, ci gaban ƙasa na jin ƙishirwa, ke kina zancen itace?"

Kadidia ta bi ruwan da ido har ɗigon ƙarshe, ranta kamar ya fita.

A wata korama ƙarfen da ke ɗauke da bayan motar ta hagu ya ce ƙas! Bashe ta karkace. Seydou ya roƙa a sauke gishirin. Amma a nan ne ilimi ya yi ranarsa, domin kowane ɗan ayari ya san in kaya ya rinjaya gefe guda, dutse ake ƙara wa ɗaya gefen. Patoro ya tsaya a inuwa yana nuni da sanda, fasinja na jidar duwatsu suna tulawa ta dama. Garin gyaran gira aka rasa ido. Ƙarfen dama ma ya karye, bashe ta zauna daɓas a cikin rairayi.

Patoro ya gyara tabarau.

"Wala, shi ke nan! Ta daidaita. Kun ga ladabi? Durƙusawa ta yi, hutu take so."

Hutun ya yi tsawo. Rana ta faɗi ta sake fitowa, ba mota ba ayari, guzuri ya ƙare, ƙoshin kowa ya koma jawabin Patoro. Kadidia ta kwance buhun. Saiwoyin sun bushe ƙayau, ta taɓa ɗaya ya karye a hannunta. Ba ta yi kuka ba. Tashi ta yi ta karɓi wuƙa wurin mai tumaki, ta je ta miƙa wa ƙanenta a gaban kowa.

"Ungo, Lawali. Tunda raƙumarka ba za ta tashi ba, yanka ta tun da sauran numfashi. Yunwa muke ji."