Ranar da Na Ƙwanƙwasa Jirgin Ruwa

Tun zuwanmu unguwar Danau Kota a ƙasar waje, daga ni sai tagar bene, maigidana Baban Hanif kullum yana makaranta. Shi ya sa da maƙwabciyata Kak Ros ta ce ni da shi mu raka mijinta bakin teku ran hutu ya duba wani tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska da yake son saya, na riga kowa sa mayafi.

Ko kwalekwale ban taɓa hawa ba. Amma a gidanmu ba a sayen ƙwarya sai an kira ni na ƙwanƙwasa na saurara, to jirgin faiba, abu mai kama da roba, me zai gagare ni?

Na zagaye shi ina bugawa da zobena. Ko'ina ƙas-ƙas, sai can gefe guda ya amsa, bum, kamar kiɗan ƙwaryar biki. Har na ji kewar gida.

"Baban Hanif, gaya masa ya saya. Nan wajen ya fi ko'ina lafiya."

"Maman Hanif, don Allah ki bari."

"Ka gaya masa dai."

Ya fassara. Mijin Kak Ros ya zo ya buga wajen, ya saurara. Ashe faiban ne ya rabu daga ciki, ruwa ya shige. Ya fasa saye, mai jirgin yana hararata, ni kuwa ina ta yabon ruɓaɓɓen wuri.

Yanzu kullum da hantsi Kak Ros sai ta ƙwanƙwasa ƙofata, ta kara kunne, ta ce, "Boleh?" wato "Ya yi?" a yarensu. Ina jinta nake ƙin buɗewa da wuri, don ta ƙara bugawa.