Keken Lauya a Rumfar Mai Walda

"...lafiya lau na tashi, sai da na ɗaga kai na gan ki. Wa ya mutu kika fito da farar safiya haka, Guntuwa?"

"Kai nake jira ka mutu, Tartsatsi, ka ƙi. Ina kwana? Ina rundunar mayunwata?"

Mai walda ne, Tartsatsi ake ce masa. Rumfarsa ta kwano ce a bakin titi, cike da ƙarafa da ƙyamaren da masu su ba su zo sun karɓa ba. An ɗauke wuta tun jiya, yana zaune a kan tsohuwar taya, idanunsa jajaye suna ruwa. Ita kuwa ɗiyar kawunsa ce, shi ɗan gwaggonta, don haka tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu zagi ba. Wankau take yi a gidajen mutane. Yau ta turo keken guragu babu kowa a ciki, ƙafa ɗaya ta karkace tana kuka. Keken ɗanta ne tilo, wanda kowa ke kira Lauya. Mijinta ya rasu yaron yana ƙarami, ta karantar da shi ita kaɗai har ya gama karatun shari'a. Bai kai ga fara aiki ba mota ta buge shi. Tun daga nan ba ya tafiya, ba ya magana, hannun hagu kaɗai ke motsi.

"Runduna tana gida," in ji Tartsatsi. "An koro yara huɗu daga makaranta kan kuɗi, biyu na kwance da zazzaɓi, ta goye kuma ta koyi cin abinci. Har ita ta ci amanata."

"Wa ya aike ka? Kai da ɓera ban san wanda ya fi wani zuba 'ya'ya ba."

"Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci."

"Gaskiya ne, amma ba a ce ka buɗe masana'antar bakuna ba."

"Ke dai bari. Buhun hatsi in ya shiga gidana ko sallama ba ya ƙarasawa. Ƙafar babban nan kuwa kamar taki ake zuba mata. In na sayo takalmi yau, kafin a wanke shi sau biyu ya matse. Na ce masa ya lanƙwasa yatsun, ya ce ciwo. Ni aljihuna ba ya ciwo?"

"Aljihunka ai tun kana saurayi yake jinya. Tashi ka duba mini keken nan. Gobe ne ranar da ake yi wa Lauya gashin ƙashi a asibiti, in muka rasa layi sai wani watan."

"Kin zo da kuɗi?"

"Yaushe bawa ya fara tambayar uwargijiyarsa kuɗi?"

"Tun ranar da bawa ya sayi janareto. Mai bai san zumunci ba."

Duk da haka ya tashi. Ya kifa keken, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasa da guduma. Tsatsa ta zubo kamar gari. Ya tura babban yatsansa, yatsan ya shige.

"Wannan ba karaya ba ce, mutuwa ce. Ruwan wanka da fitsari sun cinye shi. Babu inda walda za ta kama, sai an sa sabon bututun ƙarfe. Yaya aka yi ya karye?"

"Jiya da yamma na fito da shi shan iska. Muna gangarowa daga kan kwalbati, sai ji na yi ƙas. Lauya ya tafi da fuska cikin kwata."

"Wa ya ɗauko shi?"

"Wa ya haife shi? Goya shi na yi."

"Ke? Da wannan tsayin naki na turmi?"

"Ƙafafunsa na share mini titi har gida. Ya kamata hukuma ta biya ni kuɗin shara."

Tartsatsi ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Haushi ne ya taso masa, bai san na wa ba.

"Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Ban faɗa miki ba tun yana ƙarami? Na ce kawo shi nan ya koyi walda, kika ce Allah ya kiyaye, ɗanki ba zai yi baƙi kamar ni ba. Kika sayar da filin ubansa. Kika sayar da keken ɗinkinki. Har 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar miki suka bi. Hannuwanki dubi yadda sabulu ya cinye su. To ga Lauya nan, ko shari'ar ƙuda ba ya iya yi. Da awaki kika kiwata da kuɗin nan, da yanzu garke gare ki."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Wata babbar mota ta wuce, kwanon rumfar ya yi rawa. Guntuwa ta sunkuya ta ɗauki matashin keken da ya faɗi, ta kakkaɓe shi a hankali, gaba da baya.

"Ka gama?"

"Ke ma kin san bakina..."

"Na san shi, ya fi kwatar jiya wari. Amma bari in tambaye ka, malamin awaki. Akuya tana yi wa mutum fifita?"

"Wace irin fifita?"

"Jiya da na kai shi gida na wanke shi, na shafa masa magani a goshi, na kwantar da shi. Sai bayana ya ƙi miƙewa. Na zube a ƙasa kusa da katifarsa, ina ta haki, gumi har cikin ido. Can sai na ji iska-iska a wuyana. Na waiwaya. Ashe murfin kwali ya jawo da hannun nan guda, yana yi mini fifita. Murfin yana faɗuwa yana lalubowa. Goshinsa na jini, amma ni yake kallo." Ta ɗora matashin a kan benci. "Je ka kasuwa ka tambayo mini nawa ake sayar da wannan. In akwai akuyar da ta iya, a kawo ta mu yi musaya."

Tartsatsi ya murza ido da bayan hannu.

"Kuka kake?"

"Walda ce. Wa zai yi wa gajera kuka?" Ya ja hanci. "Ni dai na yanke shawara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Manyan nan zan cire su daga makaranta. Ba zan zuba jinina a rijiya ba, ƙaddara ta zo rana ɗaya ta rufe bakin rijiyar."

"Motar da ta buge Lauya ba ta tambaye shi takardar makaranta ba. Da ɗan walda ne ma bugewa za ta yi. Amma tunda sun yi maka yawa, mu yi ciniki. Ba ni 'yar tsakiyar nan mai wushirya. Ta taya ni shanya, ni in ciyar da ita. Ka ga na rage maka baki ɗaya."

"Wa? Mai wushirya? Ɗauki babban, har da takalmansa."

"Ita nake so."

"Ta fi kowa ci. Za ta talauta ki."

"Talauci ya riga ta zuwa. Ba ni ita."

"Ba za ta iya kwana a wani gida ba."

"Ita ce ba za ta iya ba, ko kai?"

Ya juya guduma a hannu.

"In kin ɗauke ta, wa zai ɗiga mini magani a ido? Uwarsu hannunta rawa yake, rabin kwalba a kunnena take ƙarewa. Ita kuwa yarinyar sai ta sa ni in kwanta, ta dafe mini goshi, ta ce, 'Baba, kar ka motsa, ai kai jarumi ne.' In ta ɗiga sai ta hura mini. Wai don kar ya yi zafi."

"Yana hana zafin?"

"Ina fa. Kamar barkono."

"Amma kullum kana kwantawa."

"Kullum."

"Ashe asarar da daɗi, ɗan gwaggo."

"Rufe mini baki."

Ta zauna a bakin bencin. Sai yanzu ya ga yadda take zama a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Ka san abin da ke hana ni barci?" ta ce. "Ba filin ba ne, ba 'yan kunnen ba. Da za a dawo da ni baya, zan sake sayarwa. Abin da nake tunani, in na riga shi tafiya, wa zai juya shi kar bayansa ya yi gyambo? Wa zai gane in ya ƙifta ido sau biyu ruwa yake so? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ke ba za ki mutu ba. Mugun iri ba ya saurin ƙarewa."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake." Ya ajiye gudumar. "Kin ce masana'antar bakuna na buɗe. To kowane baki a gidana da hannu biyu ya zo. Ki fara koya musu ƙiftawar idon tun yanzu. Sai dai ki sani, in Lauya ya shigo gidana layi zai bi wajen cin abinci kamar kowa. Ba ruwanmu da digiri."

Guntuwa ta sunkuyar da kai. Ta ja bakin mayafi ta goge fuska.

Shi kuwa ya shige can ƙuryar rumfa, ya yi ta ture ƙarafa, ya jawo wani gado mai hawa biyu da bai gama haɗawa ba. Bututunsa sabo ne, ko fenti ba a shafa ba. Ya ɗauko zarto ya auna ƙafar gadon da ƙarfen keken.

"Gadon wa za ka yanka?"

"Na runduna. Ragowar aikin mutane na yi ta tarawa ina haɗa musu."

"A'a, Tartsatsi. Yaran da ke kwana a ƙasa?"

"Sun saba. In na ɗora su a sama ma faɗowa za su yi, in koma biyan kuɗin ɗori."

"Ba ni da abin biyan ka."

"Yaushe kika taɓa samu?"

Ya yanke ƙafar gadon, gadon ya durƙusa gefe guda. Ya girgiza janareto ya ji ɗan man da ya rage yana motsi a ƙasa, ya ja igiya har sau uku kafin ya tashi da tari. Sannan ya dube ta, ya yi wata 'yar gajeriyar dariya, ya girgiza kai.

"Kin ci ni yau, Guntuwa, na sallama. Zo ki riƙe mini nan. Ki kau da fuskarki kuma, kar ki kalli wutar. Ke ba ki da mai ɗiga miki magani."

Ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta juya fuskarta wajen titi.