Akwatin da Na Kafa a Ƙarƙashin Indararo

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma da ana iya goge rana ɗaya daga rayuwar mutum, da na goge ranar da na karɓi aikin kafa kyamara a gidan Hajiya Binta.

Ni mai wayarin ne. Tun gemuna yana baƙi nake ja wa mutane wuta a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, har zuwa Unguwa Uku. Karatuna bai wuce firamare ba, amma in dai maganar wuta ce, ba na barin kowa ya kai ƙarshen zancensa. Da kyamarorin tsaro suka cika gari, samari suka fara ƙwace mana aiki, sai na ce ai waya waya ce. Wanda ya tsufa yana haɗa fanka da fitila, me zai gagare shi a ɗan abin da bai fi ƙwan agwagwa ba?

Hajiya Binta tsohuwar nas ce, ta yi ritaya, ta gina ɗakunan haya kusa da asibitin koyarwa, ɗalibai masu koyon aikin jinya ke zama a ciki. Mai gadinta Malam Sule kusan sa'ana ne, tare muke zama wurin mai shayin bakin layi. Shi ne ma ya kai ni wurinta. Ya ce mata, "Hajiya, ga namu na gida, me za ki kira yaran kasuwa su yi miki?"

Da bazara na yi aikin, rana kamar za ta narkar da kwalta. Kowace kyamara tana da ɗan akwatin roba, inda wayarta ke haɗuwa da wadda ta fito daga cikin gida. Na cikin gida duk a ƙarƙashin baranda suke, ba su da matsala. Ta bakin ƙofa ce a fili. Ni duk tsorona kada rana ta gasa akwatin, don haka na bi bango ina neman inuwa har na samu. A ina? Daidai ƙarƙashin indararo. (Mutumin da aka haifa a Kano, ya ga damina fiye da yadda zai iya tunawa, ya kalli indararo bai ga komai ba sai inuwa.)

Ban tsaya nan ba. A cikin ɗaki waya daga silin take saukowa, ta shiga akwati ta sama, haka hannuna ya saba. Sai na juya ramin akwatin ya kalli sama, na zura waya. Akwai wasu ƙananan zobban roba a cikin kwalin kyamarorin, na toshe rami ne ashe, amma ban san amfaninsu ba, na zuba a aljihu na kai wa jikokina. Na naɗe bakin da salatif, na sauko ina kaɗe hannu.

Da ruwa ya sauka, Hajiya ta kira ni a waya. Ta ce, "Malam, hoton bakin ƙofa ya yi dishi-dishi, yanzu ma ya ɗauke gaba ɗaya."

Na ce, "Wasan wuta ne, Hajiya. Ko allo bai nuna ba, injin ajiye hoto yana naɗa a ciki. Zan leƙo."

Har yau ban san inda na samo wannan magana ba. Kuma ban leƙa ba.

Can tsakiyar damina aka sace babur ɗin wani ɗalibi mai suna Nasiru, da rana tsaka. Malam Sule ya ce wani saurayi ne sanye da farar rigar asibiti ya turo shi ya fita, har ya gaishe shi, shi kuwa ya ɗauka cikin ɗaliban ne. Nasiru ya ce ƙarya ne, da bakin mai gadi aka yi. Kafin magana ta kai ga 'yan sanda, Hajiya ta kira mai unguwa, ta aiko a kira ni in buɗe hoto.

Na tarar da ƙofar gida cike, ɗalibai, maƙwabta, har da mai shayi. Nasiru yana ta ɗaga murya: "Baba, kada ka raina min hankali! Wace farar riga? Kowa a layin nan farar riga gare shi!"

Malam Sule ko a jikinsa. Ya nuna sama da yatsa ya ce, "Yaro, ba sai na rantse maka ba. Ga idon can, shi zai wanke ni."

Aka kunna inji. Hoton tsakar gida ya fito tar, har kajin Hajiya. Na bakin ƙofa kuwa baƙi ƙirin, tun daga farkon damina.

Hajiya ta juyo. "Malam, ba kai ka ce yana naɗa a ciki ba?"

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ji bakina ya ce, "Wataƙila hoton ya maƙale ne a cikin akwati." Mai unguwa ya ce to a hau a ciro shi. Aka kawo tsani. Malam Sule ne ya riƙe min, yana cewa, "A hankali, Malam, kada ka faɗo."

Ina kwance ƙusar ƙarshe, murfin ya buɗe, ruwa ya kwararo min a fuska. Baƙin ruwa mai wari, da tsatsa, da 'yan tsutsotsin sauro suna motsi. Ya bi gemuna, ya shiga wuyan riga. Wayoyin ciki sun yi kore, na taɓa ɗaya ta gutsure a hannuna. Wani ɗalibi ya ce, "Baba, hoton ne ya narke?" Aka fashe da dariya, amma ba ta daɗe ba. Na kalli ƙasa, Malam Sule yana nan riƙe da tsani, bakinsa a buɗe, ruwan yana ɗiga a kan hularsa.

Mai unguwa ya ce babu shaidar da ta kama shi, babu kuma wadda ta wanke shi. Ɗalibai suka ce in yana gidan su za su tashi. Hajiya ta sallame shi tana hawaye. Da yake naɗe tabarmarsa na je in ba shi haƙuri. Bai zage ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka san kullum in zan wuce ta ƙarƙashin kyamarar nan sai na gyara hula?"

Ya koma ƙauyensu. Ba a ga babur ba, ba a ga mai farar riga ba. Har gobe in aka ambaci sunansa wurin mai shayi, sai wani ya ce, "Wanda aka kora kan babur?"

Don haka ina roƙon duk wanda zai kafa irin wannan abu a waje, don Allah kada ya yi irin tawa. Ramin akwati ƙasa yake kallo. A ɗan lanƙwasa waya ta sauko kafin ta shiga, yadda ruwa zai ɗige a waje. A sa zobban nan, ba na wasan yara ba ne. In kuma aka kira ka aka ce hoto ya ɗauke, ka ɗauki tsani ka je a ranar, ko ka ce ba ka sani ba. Ni ruwan kaina na wanke shi da sabulu. Na Malam Sule har yau ban san da me zan wanke ba.