Wa Ya San Sunan Alhaji Ɗan Barno?

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce saura ƙiris a mayar da ni ɓarawon mota. Ni Sabo mai gyaran keken ɗinki, da ko allurar wani ban taɓa jefawa a aljihu ba. Kuma a gaban 'yata aka yi.

Babbar 'yata Ummi ce ke da jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya. Bara ma ta nema, zazzaɓi ya kwantar da ita ranar, ta yi shekara guda a gida tana taya uwarta tuyar awara. Bana aka tura ta wata cibiya can kan hanyar Gwarzo, aka rubuta a takarda cewa takwas da rabi za a rufe ƙofa, wanda ya makara sai baɗi. Ni kuwa tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa barin ta fita bayan ganuwa ita kaɗai ba. Uwarta Jummai takan ce da za ta shiga aljihu, da a can zan riƙa yawo da ita.

Babur ɗina yana wajen makanike, don haka na yi abin da kowa ke yi a unguwarmu: na je wajen Alhaji Ɗan Barno mai turare.

Motarsa ita ce motar unguwa. Lungunanmu mota ba ta shiga, a gindin darbejiyar masallaci take kwana, makullin kuma yana rataye jikin ƙusa a zaurensa. Ita ke kai mata haihuwa, ita ke bin gawa maƙabarta, ita ke ɗauko ragunan layya. Ka'idar biyu ce rak: ka yi sallama ka faɗa, sannan kada ka dawo da ita da ƙishirwa. Saboda ka'ida ta biyun na yi awa uku ranar Litinin a layin mai, layin nan da manyanmu suka yi rantsuwa ya zama tarihi. Allah ya saka musu, sun cika alƙawari. Ya zama tarihi, har ana yi mana bitarsa duk mako kada mu manta.

Bakwai da kwata mun wuce Ƙofar Kabuga, sai ga shinge. Masu kaki sun kafa shi daidai bayan wani rami da na san an ƙaddamar da gyaransa sau uku, da rumfa da lasifika da masu tafi. Da ina zagin ramin nan. Ranar na gane hikimar barinsa: shi ne birkin hukuma.

Mai Girma Sarkin Shinge ya ɗaga hannu. Na faka, na miƙa lasisina, don na yi tuƙin bas a ƙuruciya. Na miƙa takardun mota cikin ledarsu. Ya duba gaba, ya duba baya, komai daidai. Na ga fuskarsa ta ɓaci kamar wanda ya fasa ƙwai ya tarar ba gwaiduwa.

“Motarka ce?”

“A'a ranka ya daɗe, aro na yi.”

Nan take fuskar ta washe.

“Aro. To inshorar nan ta san da kai?”

“Ba mu taɓa haɗuwa ba, ranka ya daɗe, amma ina jin labarinta.”

“Inshora ba ta tsaya wa kowa sai mai mota da wanda ya ba izini. In da gaske shi ya ba ka, yaya sunansa?” Ya kife takardar a ƙirji kamar malami zai karɓi hadda.

“Alhaji Ɗan Barno.”

“Na yanka nake tambaya.”

Jama'a, shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka da bawan Allahn nan. Sahu ɗaya muke salla. Shi ya yi wa Ummi huɗuba ranar da aka haife ta. Amma sunansa na yanka? Wane marar tarbiyya ne zai tsaya gaban dattijo ya tambaye shi? Matarsa Alhaji take cewa, 'ya'yansa Baba, mu kuma Ɗan Barno, saboda kakanninsa daga can suka zo, ko da yake shi ko Wudil in ya je sai ya kwana biyu yana ba da labari.

Na ce, “Muhammadu.”

Ya ce, “Duk Kano Muhammadu ne. Sake.”

Ummi ta raɗa min Umar. Na faɗa. Ya girgiza kai yana murmushi.

Na ce bari in kira mai motar ku yi magana. Na danna lamba, sai muka ji waya tana kuka a akwatin gaban mota. Alhaji ya manta da ita tun jiya.

Sarkin Shinge ya ce, “Ga mota, ga waya. Malam, me ka bar wa mutumin nan? Hularsa?”

Bakwai da minti arba'in. Na waiwaya na ga Ummi ta rungume takardar jarrabawarta, hawaye na zuba ba sauti. Na ruga wajen shugabansu, Mai Girma Wazirin Kujerar Gaba, yana zaune a motarsu da ledar ƙosai a cinya. Na durƙusa na yi bayani tun daga zazzaɓin bara. Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Doka ce,” ya ɗauki wani ƙosan.

Da na dawo Ummi ta riga ta fito ta goge fuska.

“Baba, zan hau adaidaita.”

“Ke kaɗai? Kin san hanya?”

“An rubuta adireshin, Baba. Na iya karatu. Shi ya sa ma za ni jarrabawa.”

Na tsayar da keke uku na sallame su. Na farko askin direban bai yi min ba, na biyu duk maza ne a ciki, na uku ban san dalili ba, zuciyata ce kawai ta ƙi. Na huɗu akwai mata biyu da wata tsohuwa mai kwando. Na ari biron Ummi na rubuta lambar keken a tafin hannuna, na riƙe ƙarfen na ce da direban, “Yaya sunanka?”

“Guguwa ake ce min.”

“Na yanka!”

Tsohuwar ta ce, “Kai Malam, sakar mana keke mu tafi. Ba jirgin Makka za ta hau ba.”

Na saki. Ina kallo suka kauce wa ramin hukuma, suka ɓace. Na zauna a bakin kwalbati.

Ina nan zaune aka yanke hukuncin tafiya da motar ofis. Sarkin Shinge ya karɓi makulli ya shige kujerar direba. Ni kuwa tunda abin da nake tsoro ya riga ya faru, sai bakina ya buɗe.

“Ranka ya daɗe, kai inshorar ta san da kai? Yaya sunan mai motar?”

Ya saci kallon takardar.

Na ce, “Ka leƙa! Wallahi na gan ka!”

Ya ce zai ƙara min laifin rashin kunya. Ya murɗa makulli, mota ta yi shiru. Ya sake, ta yi tari ta koma barci. Duk unguwarmu har mata sun san sai ka taka totur sau biyu, ka ɗan ja makullin baya, ka yi bisimilla. Ni dai ba a tambaye ni ba, kuma ba na son a ƙara min laifin katsalandan.

Na kira Jummai, ta leƙa gidan Alhaji. Wajen ƙarfe goma sai ga shi ya sauka daga adaidaita, ƙamshinsa ya riga shi isowa.

“Kai ne mai motar? Sunanka?”

“Abdulbaqi.”

Na sunkuyar da kai, kunya ta kama ni kamar na gan shi ba riga.

Sarkin Shinge ya duba takarda. “Nan Maharazu Mikail aka rubuta.”

“Ai ƙanin mai ɗakina ne. Motarsa ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tafi Saudiyya neman abinci ya ce in riƙe masa. Duk shekara da sunansa nake sabunta takardun. Amana ce.”

“Wato kai ma aro ka yi?”

“Ɗan nan, kai wannan kakin na jikinka da shi aka haife ka?”

Hayaniyar ce ta sa Wazirin Kujerar Gaba ya ɗago kai a karon farko tun safe. Ya ƙura wa motar ido, ya sauko, ya zagaya, ya shafa wata lotsawa a bayanta.

“Wannan ba motar gindin darbejiya ba ce? Ai ni na yi mata wannan, shekarar da na kai kayan ɗakin ƙanwata Ƙofar Na'isa. Baba Ɗan Barno, ina kwana? Ku ba su makullinsu.”

Shi ma bai san sunan ba. Kuma ban ji an tambaye shi ko inshora ta san da shi a waccan shekarar ba.

Har yau ban san ko abin da Sarkin Shinge ya faɗa yana cikin doka ko a cikin hularsa yake ba. Na tambayi mutum uku a majalisarmu, na samu amsa huɗu. Abin da na sani shi ne, da Mai Girma ya ɗaga kai daga ƙosai da bakwai da minti arba'in, da 'yata ba ta hau keken Guguwa ba.

Na koma gida na zauna a zaure, na ƙi wanke hannu saboda lambar keken. Ƙarfe ɗaya saura sai ga sallamarta. Takwas da minti ashirin da biyu ta shiga ƙofar, ta rubuta jarrabawarta, ta dawo da ƙafarta, har da tsarabar gyaɗa ta kawo min. Ta ce in an kira su ganawa, kada in wahalar da kaina, ta gane hanya. Jummai tana ta dariya a tsakar gida. Ni ban ga abin dariya ba, amma na ci gyaɗar.

A hanyarmu ta dawowa daga shingen Alhaji ya roƙe ni kada sunan nan ya fita daga bakina, don ko surukansa ba su san shi ba. Na yi masa alƙawari irin na manya. Alhaji, ka yafe min, ga shi a jarida. Amma ka kwantar da hankalinka, a unguwarmu ba mai karanta ni sai Ummi.